Tela da Kwat ɗin Kan Ƙusa

Idan kana son sanin wanda ya fi kowa ƙarfin zuciya a layin, ba sai ka sha wahalar tambaya ba. Ka shiga shagon Tela ka zauna minti biyar, shi da bakinsa zai gaya maka. Zai ba ka labarin macijin da ya taɓa kamawa da almakashi, wanda a shekarar farko kamu ɗaya ne tsawonsa, amma yanzu ya kai yadi huɗu saboda yawan maimaitawa. Zai gaya maka shi ba ya awo da tef, idonsa ne tef, kallo ɗaya zai yi maka ya san faɗin kafaɗarka. Abu ɗaya ne ba zai gaya maka ba, wato ranar da za ka karɓi ɗinkinka. Ko yaushe ka zo amsar ɗaya ce: “Ka dawo gobe, saura maɓalli.” Har wanda ya kawo zanen gado an taɓa ce masa saura maɓalli.

Ranar Litinin da hantsi yana tsaka da ɗinkin wani wando, sai ga Auta, ’yar yayarsa, ta shigo rungume da kwamfuta. Auta ba yarinya ba ce, shekararta biyu da gama karatu, sunan ne dai ya bi ta. Wata goma sha huɗu ta yi tana zana wani gajeren fim na katun, hoto bayan hoto, ita kaɗai a ɗaki har idonta ya faɗa. Akwai gasar da take son tura shi, kuma ranar Alhamis da ƙarfe biyar na yamma za a rufe karɓa. Mahaifiyarta kuwa ta gaji da abin da take kira wasan ’yar tsana, har ta samo mata aikin buga takardu a wani ofis. Suka yi yarjejeniya: in fim ɗin ya girgiza mai kallo, ta tura ta ci gaba da zanenta, in bai girgiza kowa ba, ta ajiye fensir ta tafi ofis.

“Kawu,” in ji ta, “ƙawayena duk sun ce ya yi kyau, amma su ko layi ɗaya na ja za su ce ya yi kyau. Kai ne ba ka ɓoye gaskiya. Na ban tsoro ne. Ka kalla, in bai taɓa ka ba ka faɗa mini.”

Tela ya yi dariya har tabaraunsa ya zamo kan hanci. “Ni za a tsorata da katun? Ke, mutumin da ya kama maciji mai yadi biyar da almakashi? Kunna mu gani, amma kar ki ji haushi in na yi gyangyaɗi.”

Minti bakwai ne fim ɗin, babu mai magana a ciki ko ɗaya. Wani tsoho ne shi kaɗai a ɗaki, da kujera, da kofin shayi, da baƙin kwat rataye a ƙusa bayan ƙofa. Babu kiɗa, sai ƙarar agogo da wani siririn sauti kamar ana jan zare cikin yadi. Duk sanda tsohon ya juya baya, sai hannun kwat ɗin ya ɗan ɗaga. In ya waiga, sai ya koma. Kullum gari ya waye tsohon ya ƙara ramewa, kwat ɗin ya ƙara cika. Can wajen ƙarshe yatsu suka fara fitowa daga bakin hannun, ɗaya bayan ɗaya, dogaye, suka sauka a kafaɗar tsohon. Da aka sake nuna ɗakin, kwat ne zaune a kujera yana shan shayi, tsohon kuwa ga shi can rataye a ƙusa, ya zama falle ɗaya. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga, ta ɗaga wa kwat ɗin hannu ta wuce. Ba ta lura an canza ba.

Tun a minti na uku tsigar jikin Tela ta tashi. A na biyar ƙafarsa ta kama rawa a kan matakin keke, keken kuwa bai san bambancin tsoro da aiki ba, sai ya kwasa da gudu ya haɗe ƙafafun wandon nan biyu wuri ɗaya. Da fim ya ƙare ya buɗe baki zai ce, “Auta, wannan abu ai ba na mutane ba ne,” sai idonsa ya faɗa kan Mai Aski, jingine a bakin ƙofa da mataji a aljihu. Shagonsu bango ɗaya ne, kuma shekara ashirin ke nan kowannensu yana jiran ranar da ɗan’uwansa zai ji kunya.

“Yaya dai, Zakin Teloli? Na ga gumi,” in ji Mai Aski.

“Zafi ne.”

“Ƙafar fa?”

“Aiki take yi. Ni ko ina kallo ina ɗinki, ba kamar wasu ba da in sun waiga sai su yanke kunnen mutum.” Ya juya wurin Auta, ya gyara murya. “Kin yi ƙoƙari, zanen ba laifi. Amma maganar tsoro, ko gezau. Wannan ai sai a kunna wa jariri ya yi barci.”

Auta ta rufe kwamfutar a hankali. “Na gode, Kawu. Dama zuciyata ta gaya mini.” Ta fita ba ta ko waiga ba.

Mai Aski ya koma shagonsa, aka bar Tela shi kaɗai. Ko kuma a ce shi da riguna talatin da ɗaya. Shekara talatin yana zaune a cikinsu, bai taɓa lura cewa kowace tana da hannu biyu ba sai yau. Kuma a bayan ƙofa, a kan ƙusa, ga dogon baƙin kwat na tsohon Hedimasta, wata uku ke nan yana jiran maɓalli.

Tela ya sunkuya zai warware wandon da ya lalata, sai ya ji a jikinsa kamar ana kallon ƙeyarsa. Ya waiga da sauri. Hannun kwat ya motsa. Ya ɗaga kai ya ga fanka na juyawa, ya yi tsaki, ya miƙe ya kashe ta. Ya juya rigunan duka suka fuskanci bango, sai abin ya ƙara muni, don yanzu sun yi kama da mutanen da suka ba shi baya suna ƙus-ƙus a kansa. Ya mayar da su yadda suke, ya ɗaure kowane hannu da ƙyalle. Da ya ja baya ya duba, sai ya ga hannaye sittin da biyu duk sun dunƙule.

Mai Aski ya leƙo da la’asar ya same shi jiƙe sharkaf. “An ɗauke wuta ne a naka shagon kaɗai?”

“Likita ya ce iskar fanka na kawo ciwon haƙarƙari.”

“Wane likita?”

“Ba ka san shi ba, na manyan mutane ne.”

Washegari dabara ta zo masa, irin dabarar da sai tela. In dai ta bakin hannu yatsun ke fitowa, to a toshe hanya mana. Ya ɗauko allura da baƙin zare, ya fara da kwat ɗin Hedimasta, yana ɗinki yana kau da kai kamar mai riƙe da abin da zai iya cizo. Ya ɗinke bakin hannun dama, ya ɗinke na hagu. Daga nan ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ɗinki ne siriri, matsattse, mai kyan da bai taɓa yi wa wani mai kaya irinsa ba. Ya ce a ransa duk wanda ya zo karɓa sai ya warware masa kafin ya miƙa, ai ba wani aiki ba ne. Ranar ce kaɗai a tarihin shagon da Tela ya gama aiki talatin da ɗaya kafin azahar.

Da yamma ya koma gida, ya tarar matarsa ta yi wanki ta shanya a tsakar gida. Rigunansa ne jere a igiya, iska na kaɗa hannayensu. Ya tsaya ya auna hanya da idon nan nasa na tef, sannan ya duƙa ya bi ta jikin bango kamar mai neman kwabon da ya faɗi.

“Maigida, lafiya?”

“Motsa jiki nake yi.”

“To, mai motsa jiki, wa ya saka kwat ɗinka cikin akwati ya ɗora tukunyar gas a kai? Na yi ta nema zan ɗora girki.”

“Guga ce. Sabuwar hanya, ba ki san ta ba.”

Matar ta dube shi irin kallon da mace ke yi wa mijin da ta sani ciki da bai. Ta zuba masa ruwa, ta zauna. “Yayarka ta kira ni ɗazu. Murna take yi, wai ka taimake ta, Litinin mai zuwa Auta za ta fara ofis. Ita kuwa Auta tun jiya ba ta sa komai a cikinta ba. Ta kwashe takardun zanenta ta zuba a kwali.”

Tela ya ajiye ruwan. Yana son yarinyar nan, shi ya saya mata fensirin kala na farko, kuma a bayan takardun yankansa ta koyi zane. Ya ji kunya ta kama shi sosai, ya ji tausayinta.

“Ka kira ta ka gaya mata gaskiya,” in ji matar.

“Wace gaskiya?”

“Wadda ke ƙarƙashin tukunyar gas.”

Da Tela mai jin shawara ne, da labarin ya ƙare a nan da waya ɗaya. Amma ya lumshe ido, can sai ya buga cinya. Ya samo hanyar da zai ceci Auta ba tare da girmansa ya faɗi ba. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu zai tara mutanen layin a shagonsa a nuna musu fim ɗin. Su matsorata ne, za su yi ta ihu, Auta ta gani da idonta, Yaya ma ta gani. Shi kuwa zai zauna a gaba, kuma daidai lokacin da yatsun ke fitowa zai zura zare a kafar allura mafi ƙanƙanta a shagon, kowa ya shaida hannunsa ba ya rawa.

“Allah ya sa mu ga alheri,” in ji matar, ta tashi ta ɗauko tukunyar gas ɗinta.

Ranar Laraba Tela ya bi layin shago-shago yana gayyata. Shirin ba laifi, bakinsa ne ya ɓata shi. A wurin Mai Gyaran Agogo ya ce fim ne da ba kowa zai iya kallo ba. Da ya isa kantin magani ya ƙara gishiri, ya ce mai raunin zuciya ya taho da ƙwayarsa. Kafin ya kai shagon aski ya riga ya yi alkawarin cewa duk wanda ya yi ko tari, zai rubuta sunansa da alli a ƙofar shago ya kwana bakwai. Saboda haka kowa ya kwana da niyya ɗaya: ko sama za ta faɗo, ba zai motsa fuska ba. Baki dai shi ke yanka wuya.

Alhamis da safe sai ga tsohon Hedimasta ya yi sallama. Siririn dattijo ne mai sanyin murya, wanda tunda yake bai taɓa katse wa mutum magana ba. Tsohuwar makarantarsa ta gayyace shi ya miƙa wa ɗalibai kyaututtuka da ƙarfe biyu, ya zo ne ya ji ko kwat ɗinsa ya samu, ko da yake bai sa rai ba.

“An gama,” in ji Tela tun kafin ya rufe baki.

Hedimasta ya yi tsaye. “Ba saura maɓalli?”

“Babu saura komai.” Tela ya ɗauko sandar tsintsiya ya zaro kwat ɗin daga ƙusa daga nesa, ya tura shi cikin leda ya ƙulle bakinta sau uku.

“Da na ɗan gwada...”

“Ranka ya daɗe, idona ne tef. Ka sa kawai in an kira sunanka.”

Ya raka shi har bakin titi, ya dawo yana jin kamar an sauke masa dutse daga ka. Maganar warware ɗinki kuwa ko a ransa.

Kafin ƙarfe huɗu shago ya cika. An aro talabijin ɗin Mai Aski, an toshe tagogi da yadin mutane har ɗakin ya yi duhu kamar cikin tulu. Mai Agogo da Mai Magani suka zauna a benci suka harɗe hannu. Matar Tela ta zauna kusa da ƙofa. Yaya, mahaifiyar Auta, ta zo da jakarta a cinya, fuskarta na cewa a yi a gama. Auta kuwa don girman kawunta kawai ta zo, ta haɗa wayoyi ta koma gefe.

Tela ya zauna a kujerar gaba, allura a hannun hagu, zare a dama. Yana da sirri biyu. Na farko audugar da ya cusa a kunnuwa don kada ya ji sautin zaren nan. Na biyu, ana kashe fitila ya zare tabaraunsa ya sa a aljihu, don in babu tabarau ko giwa ce a talabijin gajimare zai gani.

“Zakin Teloli,” in ji Mai Aski, “ina tabarau?”

Tela bai ji ba.

“Na ce ina tabarau?”

Matar Tela ta taso ta sa yatsa biyu ta zaro masa auduga daga kunnen dama, ta zagaya ta zaro ta hagu, ta ɗaga su sama kowa ya gani a hasken talabijin.

“Sanyi ke shigar mini kunne,” in ji Tela.

“A ɗakin da aka hana fanka?” in ji Mai Aski. “To mun ji. Amma ka mayar da tabarau. Ba da shi kake ganin kafar allura ba? Ko da ƙarfin zuciya za ka zura zaren?”

Nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. In ya ƙi sawa, babu allura. In ya sa, ga kwat. Ya mayar da tabarau a hankali kamar mai sa hannu a wuta. Auta ta kunna.

Agogon fim ya fara ƙara. Tsoho ya juya baya, hannun kwat ya ɗaga. Babu wanda ya yi tari. Mai Agogo ya riƙe gefen benci har katakon na ƙara, amma fuskarsa kamar an sassaƙa. Mai Magani ya ƙaƙalo hamma ya yi, ya ƙara wata. Kowa na tuna alli da ƙofar shago. Tela ya saci kallon Auta, ya ga ba fim take kallo ba, fuskokin mutane take bi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta samun komai a cikinsu. Ya ga Yaya ta duba agogon hannunta. Sai a lokacin ya gane cewa shi da kansa ya ɗinke bakin mutanen nan kamar yadda ya ɗinke hannayen riguna, kuma saura minti biyu yarinyar ta haƙura har abada. Ya so ya yi magana, ga Mai Aski a gefensa. Ya ɗaga allura, zaren na rawa kamar wutsiyar ɗan akuya.

Ba wanda ya lura an turo ƙofa. Tsohon Hedimasta ne ya shigo, ya ga mutane sun natsu suna kallo, kuma shi ba mai katse wa jama’a abu ba ne. Ya maida ƙofa a hankali, ya bi ta gefe a kan yatsun ƙafa har ya tsaya a bayan kujerar Tela. Yana sanye da kwat ɗin. Idon Tela da ya auna shi ya ƙara masa kusan mutum guda, saboda haka kwalar ta haɗiye kansa har kunne, gindin na jan ƙasa, hannayensa kuwa suna ciki a kulle. Ya ɗaga hannu ɗaya don ya taɓa Tela ya yi masa magana a kunne. Zaren da ya sha turi tun ƙarfe biyu ya gaji. Ya fara tsinkewa, ɗis, ɗis, ɗis.

A talabijin yatsu suka fara fitowa. Tela ya ji sautin zare, amma ba daga gaba ba, daga bayan kunnensa. Ya juya ido kaɗan. Baƙin kwat ne tsaye a kansa, babu kai, kuma daga bakin hannunsa siririn yatsa ya leƙo, sannan na biyu, sannan na uku, suka sauka a kafaɗarsa.

Allura ta yi sama, kujera ta yi baya. Tela ya yi wata ƙara da aka ce har mai sayar da taya a ƙarshen layi ya ji. Ya yi tsalle ya taka matakin keke, keken ya kama gudu shi kaɗai, ya rungumi sandar riguna ta karye, riguna talatin suka rufto masa da dungulmin hannayensu. Ya rarrafa da su a ka ya shige ƙarƙashin teburin yanka, daga can aka ji muryarsa tana rawa:

“Ka dawo gobe! Wallahi saura maɓalli!”

Ihun nasa ya ɓalle na kowa. Mai Magani ya haye benci, Mai Agogo ya rungume Mai Magani, Mai Aski da ke dariyar mutane aka same shi a bayan labule yana riƙe da mataji kamar wuƙa. Matar Tela ce kaɗai ta tashi ta kunna fitila.

Hedimasta ya tura kansa waje daga cikin kwala ya ce, “Ku gafarce ni, ban so na katse muku ba.” Ya ɗaga ɗaya hannun da har yanzu ke ɗinke. “Na zo ne a haka don Tela ya gani da idonsa. Sai da aka kira sunana na zura, kamar yadda ya ce. Ban ga ya dace in tuɓe a gaban iyayen yara ba. Ɗalibi goma sha biyu na gaisa da su da dungu, kofin ƙwallo kuwa a ƙirji na rungumo shi.”

Mai Aski ya fito daga labule yana gyara riga kamar ba shi ba. Ya ɗaga riga ɗaya daga ƙasa ya duba hannunta, ya ɗaga ta biyu, ya ɗaga ta uku. “Jama’a, duka a ɗinke suke. Har rigar aikina da na kawo a rage mini.” Matar Tela ta ƙara da labarin tukunyar gas, ba ta rage ko kalma ba. Dariya ta kece har Hedimasta sai da ya rufe baki da dungunsa.

Yaya ce kaɗai ba ta yi dariya ba. “Wannan ba hujja ba ce,” in ji ta. “Ni na goya shi. Har ya shekara goma kaza ke korarsa daga tsakar gida. Macijin da yake ba ku labari ma igiyar shanya ce, ina wurin.”

Auta ta durƙusa a bakin teburin yanka ta leƙa. “Kawu, yanzu fa? Yaya ka ga fim ɗin?”

Tela ya cire wata riga daga kansa. Ya duba ya ga ƙafafun Mai Aski, ya ga takalmin Yaya, ya ga babu sauran abin da zai ɓoye. Bai fito ba, daga nan ƙarƙashi ya yi magana, kuma a karon farko muryarsa ba ta cika shagon ba.

“Ƙarya na yi miki ranar Litinin, Auta, ki yafe ni. Yatsun sun ba ni tsoro, gaskiya ne. Amma ba su suka hana ni sukuni ba. Matar nan ce da ta leƙo ta taga ta gaida kwat ta wuce. Shekara talatin ina zaune a kujerar can, kowa ya wuce ya ɗaga mini hannu. Tun ranar nake tambayar kaina, in da wata safiya riga ce zaune tana taka keke, ni ina rataye a ƙusa, wa zai lura? Ni ban san ana zana irin wannan da fensir ba.”

Babu wanda ya yi dariya. Mai Aski ya sosa ƙeya ya ce, “Ni zan lura. Rigar za ta gama ɗinki a kan lokaci.”

Aka sake fashewa, har da Auta, tana dariya tana share ido da bayan hannu. Yaya ta daɗe tana kallon talabijin, inda hoton ƙarshe ya tsaya a kan tsohon da ke rataye. Sannan ta buɗe jaka ta rufe ba ta ɗauki komai ba.

“Ƙarfe nawa?” in ji ta.

“Biyar saura kwata,” in ji Mai Agogo, wanda sai yanzu ya saki Mai Magani.

“To ke me kike jira? Ki tura musu mana.”

A kan teburin yanka Auta ta ɗora kwamfutar ta tura, kawunta na ƙarƙashi. Sai da ta ce ya tafi sannan ya rarrafo ya fito, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara tabarau, ya dubi jama’a ɗaya bayan ɗaya.

“Ku dai shaida ne,” in ji shi. “Duk layin nan ni na fara jin tsoron fim ɗin nan, tun Litinin. Ku sai yau, kuma sai da na nuna muku yadda ake yi. Tsoro ma sai mai ido.”

Mai Aski ya ɗauki alli ya nufi ƙofa don ya rubuta sunan Tela. Tela ya bar shi ya rubuta, har ya gyara masa harafi ɗaya. Sannan ya zaunar da Hedimasta ya warware masa ɗaya hannun, ya yi alkawarin rage kwat ɗin zuwa gobe. Da Auta ta rungumi kwamfutarta za ta fita, ya bi ta har bakin ƙofa, ya rage murya yadda Mai Aski ba zai ji ba.

“Auta, kafin ki tafi, ga filaya can a kan keke. Ki cire mini ƙusar nan ta bayan ƙofa.”